Shaidar Joda a Kan Mai Kibiya

Hamajoda ya tsuguna a gindin tayar gaba ta hagu kamar mai neman abin da ya faɗi, ya waiga dama, ya waiga hagu. Babu kowa a harabar ɗan asibitin Tappare sai tumakin Jauro mai gari da ke lasar bangon ɗakin magani. Ya sa yatsu biyu ya kama ɗan murfin da ke tsakiyar tayar, wanda direbobinmu ke kira cibiya, ya murɗa. Ƙas. Ya dafa jikin motar ya miƙe, gwiwoyinsa na kuka, ya zagaya dama ya murɗa ɗayar. Sannan ya goge yatsunsa a cikin aljihu, ya kama hanyar tasha yana ɗan tari, wai shi wucewa kawai ya zo yi.

Motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda muke kira kat-kat, haka wasunsu suke. In ba ka sauka ka kulle cibiyoyin gaba da hannunka ba, to ko ka sa ƙaramar giya, ko ka taka totur har ƙafarka ta huda ƙasan mota, tayoyin baya ne kaɗai za su yi ta haƙilo, na gaba suna zaune kamar baƙi a gidan suna. Kowane direba ya san wannan. Joda ma, kamar yadda ake kiran Hamajoda, ya sani, sai dai saninsa ya makara da kwana biyu, yau shekara goma sha tara ke nan.

Jiya da la'asar motar ta iso, fara sol, sabuwa dal, ko ledar kujerun ba a cire ba. Wata ƙungiya ce ta ba garinmu don kai marasa lafiya babban asibitin Banyo, wani direba mai suna Kamdem ya jawo ta tun daga Ngaundere. Gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa, mata na ta rangaɗa guɗa, har sai da wani ya zagaya gaba ya ga alamar da ke hancinta. Kibiya ce. Nan take guɗa ta mutu a bakin mata, mutane suka fara ja da baya.

A Tappare ba ma kiran mota da sunan da masu ƙera ta suka raɗa mata, mu muke raɗa namu. Akwai Mai Ƙaho, 'yar Japan. Akwai Akwati, tsohuwar Ingila. Sannan akwai Mai Kibiya, wadda rabon da a kira ta da wannan suna an manta; Maƙaryaciya kowa ke ce mata, har 'yan kasuwar da ke zuwa daga Tibati. Kuma Joda ne ya raɗa mata sunan.

Madam Ngono, shugabar asibitin, ta karanta wa kwamiti takardar ƙungiyar sau biyu. In ba a sa hannu an karɓa kafin azahar ɗin yau ba, Kamdem zai wuce da motar wani gari da ke jiran layi. Kwamiti ya yi shawarar da kowa ya san zai yi: a ba Joda makulli ya kai ta mashigin kogin Mayo Sinde, abin da ya faɗa shi ke nan.

"Ga alƙalin motoci nan ya fito!" in ji Alaji Dewa daga bencin mai shayi. Shi ne shugaban kwamitin, dillalin shanu, kuma taubashin Joda, ɗan goggonsa. Tun suna kiwon maruƙa tare bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Zo nan, bawana, zo ka raba mana gardama kafin Wajiri ya cinye makalar jama'a."

"Mai tumbi, da sassafe ka fara ihu kamar an sace maka bijimi," in ji Joda. Ya zauna, aka miƙo masa shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu.

Wajiri bakaniken garinmu ne, baƙin mai ya ci hannunsa har ba a gane asalin launin farcensa. Ya nuna Dewa da guntun makala, fanken nan da muke shan shayi da shi. "Cewa na yi da Akwati suka kawo mana, da yanzu an sa hannu an tashi. Akwati ba ta mutuwa, sai dai ta suma."

"To ai kullum a sume take a garejinka," in ji Dewa. "Kuma inda Akwati ta kwana ba sai an tambaya ba, ƙasa za ta gaya maka. Ta bawana ma wata bakwai ke nan tana zaune a kan duwatsu, kaji har sun yi kwanci a kujerar baya. Ni dai Mai Ƙaho. Ko a tsakiyar daji ta tsaya maka, wurin mai goro ma ka samu kayan gyaranta."

"Wace Mai Ƙahon? Waɗanda ake gama tatsewa a Duwala, a watsa musu fenti, a kawo muku a ce sabbi? Suna kuke saye, Alaji, ba mota ba."

"Sunan ma ai ba a banza aka same shi ba."

Aka yi ta musu, kowa na kare tasa kamar 'yar cikinsa. Wani ya ce Mai Ƙaho ta taɓa hawa dutsen Ngel da buhu talatin na masara ba ta yi nishi ba. Wani ya ce ƙarya ne, yana ciki, sauka suka yi suka tura. Duk wanda ya yi magana sai ya dubi Joda, don a yankin nan ba a sayen kat-kat sai ya ɗora kunnensa a kan injin, kuma in ya girgiza kai ciniki ya mutu ko da an yi musafaha. Yau dai shayinsa kawai yake hurawa.

Wajiri ya share baki, ya sassauta murya. "Amma fa in za a faɗi gaskiya, masu auduga a Garwa Mai Kibiya suke hawa shekara da shekaru, kuma ban ji suna kuka da ita ba."

Dariya ta ɗauke daga fuskar Dewa. "Mutanen Garwa ba su da Mayo Sinde, Wajiri. Kuma ba su ne suka binne Astajam ba."

Mai shayi ya duƙa yana gyara gawayin da ba ya buƙatar gyara.

Da suka tashi zuwa asibiti, Dewa ya riƙo hannun Joda suka bar mutane suka yi gaba. "Bawana, ka ji abin da Madam ta ce game da Dudu?"

"Na ji wai watan ya kusa."

"Ɗan a gicciye yake. Ta ce in bai juya ba, sai an yi mata aiki a Banyo, kuma in naƙuda ta tashi ba a jira." Ya ƙara matse hannun Joda. "Damina ta kama. Mai Ƙahon kasuwa sai Alhamis take zuwa, taka kuwa ga ta can kaji na kwanci. Amma wallahi, bawana, gara in goya 'yata a bayana in shiga ruwan nan da in sa ta a motar da ta kashe uwarta. Yau ka faɗa musu a gaban kowa kamar yadda ka faɗa a wancan karon, su kwashe abarsu."

Joda ya ce to.

Ga abin da ya faru a wancan karon. Ƙungiyar dillalan shanu ce ta sayi Mai Kibiya ta farko da ta taɓa shigowa Tappare, suka damƙa wa Joda, don a lokacin ba direban da ya kama ƙafarsa. Ranar da ya je ɗauko ta a Banyo, mai sayarwar ya tsuguna a gindin taya zai nuna masa wani abu. Joda, da ya shekara goma sha biyu yana jan Akwati wadda ba ta da cibiyar murɗawa, ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Ni za ka koya wa mota?" Mutumin ya dai faɗi abin da zai faɗa, Joda ya ji da rabin kunne.

Sati uku bayan nan ya dawo daga Banyo da hantsi, ya tsallake Mayo Sinde ruwa bai kai idon sawu ba. Yana shiga gari hadari ya haɗo. Bai ko kashe injin ba Dewa ya faɗo masa ba hula ba takalmi: matarsa Astajam kwana guda ke nan tana naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka shimfiɗa ta a baya, Dewa ya ɗora kanta a cinyarsa, suka fita cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Da suka iso mashigi, kogi ya fara kawowa, jajawur. Dewa na ihu, "Taka, bawana, taka!" Joda ya sa ƙaramar giya ya afka. A tsakiyar ruwa motar ta kafe. Baya ya yi ta haƙa rami, gaba ko motsi. Ya canja giya, ya koma, ya zagi motar, ya roƙi Allah, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Daga ƙarshe suka ɗauki Astajam a hannu suka tsallaka da ita, suka kwantar a gindin wata ɗorawa suna jiran motar da ba ta zo ba. Kafin magariba ta cika, da ita da abin da ke cikinta. Ta bar Dudu tana da shekara biyu.

Sai da ruwa ya janye bayan kwana biyu aka kai bijimai don jawo motar. Joda ne ya riga kowa isa. Ya kwashe taɓon da ke tayar gaba zai ɗaura igiya, sai ga cibiya tana kallonsa, a buɗe. Ya ruga ɗaya gefen. A buɗe. A nan maganar mai sayarwa ta dawo masa tar, kalma bayan kalma. Ya ji muryoyin mutane suna gangarowa da shanu, sai hannunsa ya yi abin da ya yi tun kafin zuciyarsa ta yanke shawara. Ƙas, ƙas. Da Wajiri ya duba ya ce ai ga su a kulle, Joda ya ɗaga murya ya ce, "Kun gani? Komai na yi mata. Cewa suka yi tana ja da ƙafa huɗu, ashe maƙaryaciya ce."

Kai, magana ba ta da wuyar fita! Kafin sadakar bakwai sunan ya kai Banyo. Mai sayar da motocin ya rufe shagonsa a shekara ta biyu, ya koma garinsu. Ita kuwa motar aka jefar da ita bayan gareji, ba wanda ya yarda ya saya, har kuka ta tsiro ta cikin tagarta. Joda kuma daga ranar ya zama mutumin da ya gane ƙaryar mota tun kafin kowa, aka mai da shi alƙali. Ya yi ta niyyar faɗa wa Dewa. Ya yi niyya ranar sadakar arba'in, ya yi niyya da za su tafi Makka tare, ya yi niyya ranar auren Dudu, da aka ba shi waliccin amarya don girmamawa. Kullum in ya buɗe baki, sai Dewa ya riga shi da "bawana", a yi dariya, rana ta wuce.

Shi ya sa ya yi sammako yau ya murɗa cibiyoyin. Dabararsa mai sauƙi ce. Motar za ta tsallake, ya sauko ya shafa gemu ya ce masu ƙera ta sun ji kunya sun gyara halinta. Gari ya samu mota, Dudu ta samu hanya, shi kuma ya mutu da sunansa.

A harabar asibiti mutane sun cika. Dewa ya hau gaba yana karanto addu'a kamar mai shiga kabari. Madam Ngono da Wajiri suka shiga baya, inda gadon maras lafiya yake. Kamdem ya ce shi ba ya zuwa, tun jiya bai ci abin kirki ba, ga matar Jauro ta aiko masa da dakkere, dambun nan na Fulani, da kindirmo. Ya miƙa wa Joda makulli. Joda ya tayar da injin, ya saurara. Allah ya sani, sautin ya yi masa daɗi har cikin ƙirji.

Ya sa giya ke nan Kamdem ya leƙo ta tagar direba, cokali a hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, wanda Dewa ba ya ji ko kalma guda. "Baba, na ga wani mai ƙaiƙayin hannu ya kulle mini cibiyoyi, na buɗe su, don hanyar nan busasshiya ce. In kun kai ruwa kada ka manta." Ya buga jikin motar sau biyu, ya koma kan kwanonsa.

"Me ɗan kudun nan ke cewa?" in ji Dewa.

"Cewa ya yi a sauka lafiya."

Daga Tappare zuwa Mayo Sinde kilomita goma sha ɗaya ne, kuma Joda bai taɓa jin gajartarsu kamar yau ba. Motar na tafiya sumul a kan burji, tana haɗiye ramuka. Wajiri ya kasa haƙuri. "Alaji, tsakani da Allah, ka ji ƙugunka ya buga ko sau ɗaya?"

"Haka take yaudarar mutum," in ji Dewa. "Wancan karon ma lafiya lau ta kai mu bakin ruwa. Ko ba haka ba, bawana?"

"Haka ne."

Madam Ngono ta matso. Shekara tara ke nan tana garinmu, Fulatancinta har yanzu da ɗan karkata, amma ba ta tauna magana. "Baba Joda, ni ban san mota ba. Abin da na sani, bara mata uku na rasa a hanyar nan, biyu a kan babur, ɗaya a amalanke. In motar nan ba ta da kyau ka faɗa, ba zan yi musu da kai ba. In kuma tana da kyau, don Allah kada ka bari ta tafi."

Joda ya ƙura wa hanya ido. Lissafi yake yi, kuma duk inda ya bi sai ya tarar da bango. In ya afka ruwa a haka, za ta kafe a taɓon gaɓar can, kowa ya ce ai Joda ya faɗa tun tuni. Kamdem zai yi ta rantsuwa, amma wa zai saurari baƙo a kan Joda? Sunansa zai ƙara tsawo, motar ta tafi wani gari, Dudu kuma ta jira Alhamis. Ya tuna yadda take kawo masa fura in ya je gidan, tana tafiya tana dafa ƙugu, tana ce masa Bappa. Fuskar uwarta sak. Zufa ta jiƙa masa hula duk da iskar da ke shigowa.

Suka gangaro mashigi. An yi ruwa a kan duwatsu daren jiya, kogin ya kai gwiwa, ja, yana tafe da ganyaye. A gaɓar can taɓo ne baƙi mai santsi, sawun shanu ya dama shi. Sama da taɓon kuma ɗorawar na nan inda take, ta ƙara girma.

Joda ya taka burki. Ya zauna, hannu biyu a kan sitiyari.

"To, bismilla," in ji Dewa. "Shiga mu gama da ita."

Joda ya ja burkin hannu, ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya tsuguna a tayar hagu. Ƙas. Ya zagaya ta gaban motar, yana jin idon Dewa na bin sa ta gilashi, ya zo tayar dama, daidai ƙarƙashin tagar Dewa, ya tsuguna.

Dewa ya leƙo. "Mene ne kuma? Iska ce ta ragu a tayar?"

Ga ƙofar kuɓuta an buɗe masa, kuma Dewa ne da kansa ya buɗe. In ya ce i, shi ke nan, magana ta wuce. Joda ya dubi yatsunsa biyu a kan murfin. Sun tsufa, sun yi tamoji, su ne dai na wancan karon. Ya gaji, wallahi ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Ba iska ba ce," ya ce. "Cibiya nake kullewa. Kowace taya ta gaba tana da ita. In ba a sauka an murɗa ta da hannu ba, gaba ba ya ja, ko me ka yi a ciki." Ya murɗa. Ƙas.

Ya koma ya zauna, ya sa ƙaramar giya, ya saki motar a hankali. Ta shiga ruwa, ta ɗan yi nishi, ta kama duwatsun ƙasa da ƙafafunta huɗu. Ruwa ya dare gida biyu a gabanta. Da ta kai taɓon gaɓar can bayanta ya ɗan zame, sai gaba ya cafki ƙasa ya fizge ta sama, tana watsa laka hagu da dama, har ta tsaya a kan tudu, 'yan taku kaɗan daga gindin ɗorawar. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba.

"Allahu akbar!" in ji Wajiri, yana dukan gadon maras lafiya. "Kun ga hawa? Ko Akwati sai ta yi tari a nan!" Madam Ngono ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya.

Dewa bai yi dariya ba. Gabansa kawai yake kallo. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar mai tuno mafarki.

"Rannan ba ka sauka ba."

Joda ya kashe injin. Sai ƙarar ruwa kawai ake ji.

"Tun daga ƙofar gidana har tsakiyar ruwa ina kallon ƙeyarka," in ji Dewa. "Ba ka buɗe ƙofa ba."

"Haba Alaji," in ji Wajiri da sauri, "ai a kulle muka same su. Ni na duba da idona, ranar da aka jawo ta."

"Ni na murɗa su kafin ku gangaro," in ji Joda. Bai juya ba. "A buɗe na tarar da su, duka biyun. An gaya mini a Banyo, girman kai ya hana ni saurara. Motar ba ta yi ƙarya ba, Dewa. Ni na yi."

Madam Ngono ta sunkuyar da kai tana kallon takardar da ke cinyarta.

Joda ya jira zagi. Ya jira mari, har ya so a mare shi. Dewa dai ya buɗe ƙofa ya sauka, takalmansa na Makka suka nutse a laka bai kula ba. Ya tsaya a gaban tayar dama ya daɗe, sannan ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna da ƙyar, saboda tumbin da Joda ya shekara arba'in yana yi wa ba'a.

"Zo ka nuna mini," ya ce.

Joda ya sauko ya tsuguna kusa da shi, ya share lakar da babban yatsa. "Nan buɗe. In ka juya nan, kulle."

Dewa ya kama murfin da yatsu biyu ya murɗa. Ƙas. Ya mayar. Ƙas. Ya sake murɗawa, ya sake mayarwa. Hannun da ke kayar da bijimi ne, abin bai ko sa shi yunƙuri ba.

"Wannan ne kawai?"

"Shi ne kawai."

Dewa ya ɗaga kai ya dubi ɗorawar. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba. "Shekara goma sha tara ina tsine wa ƙarfe," ya ce. "Ko a hanya na ga mai irinta sai na tofar da yawu. Kai kuma kana gefena kana cewa amin."

"Ina cewa."

"Da ka gaya mini a lokacin, da na yi fushi shekara ɗaya, ko biyu, in haƙura. Mantuwa ce, kowa na yi. Yanzu fa, me zan yi da kai?"

Joda ya ci gaba da kallon cibiyar.

Dewa ya dafa tayar ya miƙe. Ya miƙa hannu ta taga, Madam Ngono ta ba shi takarda da biro. Ya ɗora a kan murfin injin, daidai saman kibiyar, ya sa hannu, laka ta ɓata gefen takardar. Ya mayar mata.

"Wa zai riƙa jan ta?" in ji Madam, a hankali. "Kwamiti dama Baba Joda ya ce."

"Shi zai ja," in ji Dewa. "Duk garin nan babu wanda ba zai sake mantawa ba sai shi." Sannan ya juyo, suka haɗa ido a karon farko tun da suka tsallako. "Malam Hamajoda, ranar da naƙudar Dudu ta tashi, zan aiko a kira ka."

Tun da Joda ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya tsaya yana jiran a ƙara wani abu, ko da zagi ne, ko da bawan nan ne guda ɗaya. Ba a ƙara ba.

Ya juya motar ta fuskanci gida, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba. Dewa ya wuce ta gefen ƙofar kamar bai gan ta ba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙafa. Joda ya bar ƙofar a buɗe, ya sa ƙaramar giya, ya bi bayansa a hankali, tayoyi huɗu duka suna ja.